Ciwon ƙodar gidanmu ba jifa ba ne, gadon Baba ne

Yau wata 8 kenan da na kwanta a kan ɗan gadon nan na ɗakin ekografi, likita ya shafa mini man nan mai sanyi a kwiɓi ya ɗora na'urarshi, yana ta latsawa yana kallon allo bai ce uffan ba, har na fara jin bugun zuciyata a kunne. Can sai ya juyo da allon wajena ya ce Malam ka gani? Abin da na gani baƙaƙen ramuka ne zagaye-zagaye, manya da ƙanana, kamar gurbin dara da tsofaffi ke haƙawa a ƙasa bakin Birni. Ya ƙirga 9 a ƙodar dama, ta hagu ya kai 11 ya bar ƙirgar. Ya ce a gidanku akwai mai ciwon ƙoda? Na ce Baba shi ya yi ajalinshi, yayana kuma yanzu haka wankin ƙoda ake mishi. Ya gyaɗa kai ya ce to kai ma kana da shi, sunanshi polikistoz, gado ne.

Shekarata 36, ni malamin lakwal ne, ina da mata da yara 3, kuma wallahi ranar nan lafiyata ƙalau na shiga ɗakin, ba inda ke mini ciwo in ban da tansiyo da aka ce ta ɗan hau tun bara. Na fito na zauna ƙarƙashin bedi a harabar wajen, ɗan kabu-kabu yana ta tambayata Malam tafiya ne, na kasa ba shi amsa. Amma abin da ya fara zuwa raina ba mutuwa ba ce, ba yarana ba ne ma. Inna ce ta faɗo mini.

Bari in koma baya don ku fahimci dalili. Baba Allah ya jiƙanshi matanshi 2, Hajiya uwargida da Innarmu, mu 11 ne ƴaƴanshi. Ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole ta nan Damagaram, mutum ne ƙaƙƙarfa da bai san kwanciya ba, sai ga shi yana haura 50 ya fara ciwon kwiɓi, ciki ya yi girma alhali jiki na ramewa, wani lokaci fitsari ya zo da jini a ce ai tsargiya ce ta yarinta ta dawo, a sayo magani a sha. Daga baya ƙafafu suka kumbura, amai, ƙaiƙayin jiki, abinci ya fita ranshi. A 2009 ya rasu yana da shekara 56. Abin da aka faɗa a zaman makoki shi ne jifa aka yi mishi a kasuwa saboda rumfarshi ta fi ta maƙwabta ciniki. Muka yarda, muka riƙe mutane a zuciya shekara da shekaru.

To shekara 3 da suka wuce sai Yaya Babba, ɗan fari na ɗakin Hajiya, ya kwanta da irin ciwon sak yana da 49. Nan ne magana ta canza salo. Ba a ƙara zancen ƴan kasuwa ba, aka fara raɗe-raɗin wai daga cikin gida ne, wai amarya ce ke son ta ƙarar da ƴaƴan uwargida saboda gidan gado. Ba wanda ya faɗa mata a fuska amma ta ji, ai magana ba ta ɓuya a Zango. Matar da ta goyi Yaya a bayanta lokacin da Hajiya ke jego, ita ce za ta kai mishi kunu asibiti a karɓa a ajiye gefe ba a ba shi ba. Na ga ranar da ta dawo da kwanon a rufe kamar yadda ta kai shi, ta ajiye a tsakar gida ta shiga ɗaki ta ja labule. Ba ta yi kuka gabanmu ba. Tun daga lokacin ta bar zuwa biki da suna a dangi.

Shi ya sa da na tashi daga ƙarƙashin bedin nan ban je gidana ba, babban gida na nufa da takardar hoton a hannu. Na tarar da Hajiya da Gwaggo a zaune, na gaishe su na ce Hajiya ga sakamakona, ciwon da ke jikin Yaya shi ne a jikina, ni ɗan Inna na cikinta. In jifa ne to ɗanta ta fara jifa kenan? Gwaggo ta karɓi takardar tana juyawa duk da ba karatun boko ta yi ba. Shiru ya yi tsawo. Hajiya ce ta fara sa gefen mayafi a ido.

Ga abin da na koya game da ciwon, daga bakin likitan ƙoda da kuma karance-karancen da na yi dare da rana a waya tun lokacin, zan faɗe shi yadda na gane shi.

Ƙodar mutum mai lafiya ba ta fi dunƙulen hannu ba, tsawonta santimita 10 zuwa 12, nauyinta wajen giram 150, a cikin kowace guda akwai ƴan matatai kusan miliyan 1 masu siraran bututu da ke tace jini suna fitar da fitsari. A wannan ciwon bangon wasu bututun ne ke kumburowa ya zama ƴar jaka mai ruwa, abin da likitocinmu ke ce wa kist. Jakar ta rabu da bututun ta ci gaba da tara ruwa tana girma, wata kamar ƙwayar gero wata kamar goriba wata ma ta fi haka, a hankali a hankali shekara da shekaru suna danne naman ƙoda mai aiki har ya ƙare. Ƙoda guda tana iya kai kilo da yawa, girman cikin Baba kenan da muka riƙa cewa sammu ne. Kuma duka biyun yake kamawa, ba guda ba.

Asalin abin yana cikin ƙwayoyin gado da mutum ke ɗaukowa daga iyaye. Guda 2 ne manyan masu laifin. PKD1 da ke kan kiromozom na 16 (kiromozom su ne ƴan zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gadon a jiki), an gano shi a 1994, shi ke da kusan kashi 80 cikin 100 na masu ciwon kuma shi ya fi tsanani, masu shi galibi ƙodarsu na gazawa a shekaru 50 da wani abu. Sai PKD2 da ke kan kiromozom na 4, an gano shi a 1996, wajen kashi 15 cikin 100, shi mai sauƙi ne, yakan jinkirta da kusan shekara 20 har wasu su tsufa su rasu da wani dalilin daban ba su ma san suna da shi ba. In aka haɗa duka, kusan rabin masu ciwon ne ke kai wa ga wankin ƙoda ko dashe kafin ko wajen shekara 60. Rabi fa, ba kowa ba, wannan na riƙe shi da kyau. Kuma ba baƙon ciwo ba ne a duniya, ana ƙiyasin mutum 1 cikin 1000 ko kusa da haka, shi ne kan gaba a ciwukan ƙoda na gado, ba ruwanshi da baƙi ko fari.

Inda mutanenmu ke ruɗewa shi ne suna auna shi da sikila. Da na faɗa wa wani abokin aikina sai ya ce ai auren zumunci ne ya jawo muku. A'a. Sikila sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita sannan yaro ya yi ciwon, shi ya sa ake gwajin jini kafin aure. Wannan kuwa mutum ɗaya ya isa, uba ko uwa, ko da ka auro daga Agadas ko daga Kano ko daga bangon duniya. Kowane ciki da aka ɗauka, rabi da rabi ne, ko yaron ya ɗauko ko bai ɗauko ba, namiji ko mace duk ɗaya, kuma ba wai in na fari ya ɗauka na biyu zai tsira ba, kowane da nashi rabon. Mu a gidanmu cikin 6 da suka yarda aka duba, 3 muna da shi, 2 ɗakin Hajiya 1 ɗakin Inna, ɗakuna daban uba ɗaya. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne wanda bai ɗauko ba to shi da zuriyarshi sun fita, ba ya tsallake ɗa ya kama jika. Akwai dai ƴan kaɗan, kamar 1 cikin 10, da abin ke fara wa a kansu ba tare da iyayensu na da shi ba. Akwai kuma wani nau'in daban da ke kama jarirai wanda shi ne sai iyaye biyu sun haɗu, wannan ba shi nake magana ba.

Bayan kwana 2 da zuwana babban gida Gwaggo ta aiko a kira ni. Na same ta a ɗakinta tana jan carbi, ta ce zauna ɗan nan in faɗa maka abin da ban taɓa haɗawa ba sai yanzu. Ta fara lissafi da yatsu. Kakarmu mahaifiyar Baba, ciki ya kumbura ta rasu ba ta kai 60 ba. Ƙanen kakar, haka. Sai Baffanmu da ke noma wajen Mirya, shi lafiyarshi ƙalau yana cikin gona ya dafe kai ya ce kaina zai fashe, ya faɗi, kafin a kawo amalanke rai ya yi halinshi, yana da 40 da ƴan kai, aka ce iska ce ta buge shi. Da na kai wa likita wannan labarin ya ajiye biro ya ce wannan muhimmi ne ka faɗa mini. Ashe ciwon ba ƙoda kaɗai yake taɓawa ba. Kusan 1 cikin 10 na masu shi suna da wata jijiyar jini a kai da bangonta ya yi rauni ya kumbura kamar tayar keke da ta yi ƙulu, in ta fashe shi ne irin na Baffa, kuma in an taɓa yi a dangi haɗarin ya fi yawa, shi ya sa ya rubuta mini hoton kai na musamman. Ya ce duk mai wannan ciwon da ya ji ciwon kai farat ɗaya irin wanda bai taɓa ji ba a rayuwarshi, kar a tsaya shafa mai ko turare, asibiti kai tsaye. Hanta ma tana yin jakunkunan, ya fi yawa ga mata, amma ita galibi tana ci gaba da aikinta. Sai tsakuwar ƙoda, sai ƙwayoyin cuta su shiga jaka guda a yi ta zazzaɓi ana shan maganin sauro a banza.

Yanzu tambayar da kowa ke mini, to in ba ya warkewa mene ne amfanin sani? Ƙanena ma haka ya ce, wai gara ya zauna cikin duhu da ya sa wa kanshi damuwa. Na fahimce shi don ni ma shekara 2 ina gudun hoton nan. Amma ni dai ra'ayina wannan kuskure ne babba, saboda abin da ke saurin kashe ƙodar ba jakunkunan kaɗai ba ne, har da abubuwan da muke yi da hannunmu cikin rashin sani.

Na farko tansiyo. A wannan ciwon hawan jini na zuwa da wuri, tun mutum na 20 da wani abu ko 30, tun ƙoda na aikinta lafiya, kuma shi ne ke cin ta a ɓoye. Baba bai taɓa auna tansiyo ba sai da ya kwanta. Yaya ya san yana da ita amma sai kai ya yi ciwo yake shan magani, in ya lafa ya ajiye. Ni yanzu ƙwaya 1 kowace safiya bayan sallar asuba, irin su enalapril ko losartan ne likitoci suka fi so ga masu wannan ciwon, kuma na sayi ƴar na'urar awo ina rubutawa a kaye kamar yadda nake rubuta makin ɗalibai. Mata su lura, irin waɗannan magungunan ba a shan su da juna biyu, sai a faɗa wa likita ya canza.

Sai gishiri, nan ne yaƙin yake a cikin gida. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kar babba ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi guda, duk abincin yini fa ba miya ɗaya ba. To ku duba tukunyarmu, gishiri, dunƙulen magi 3 ko 4, kanwa a miyar kuka da wake, ga yaji a gefe shi ma da gishiri da magi a ciki, ga kilishi da tsire in an fita da yamma. Kanwa ma dangin gishiri ce a wajen jiki, wannan ban sani ba sai yanzu. Maiɗakina Allah ya saka mata, sati 2 na farko abincin salam nake jin shi, ta koma ƙara daddawa da tafarnuwa da citta da albasa, yanzu harshena ya saba har in na ci abincin biki sai in ji gishirin ya yi mini yawa. Yaran ma haka suke ci tare da mu, da gangan muka yi hakan.

Abin da ya fi ba ni tsoro da na waiwaya shi ne maganin ciwon jiki. Diklofenak da ibuprofen da ake sayarwa a tire a kowace kwana, mutum ya gaji ya sayi 2 ya kora da shayi. Waɗannan suna rage jinin da ke shiga ƙoda, ga mai ƙoda irin tamu guba ce a hankali. Yaya ya yi shekaru yana shan su saboda ciwon kwiɓin da ƙodar ce ma ke jawo shi. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba, an ɗura mishi su jarka-jarka lokacin da ake cewa sammu ne. Ni yanzu in ciwo ya zo parasetamol ne daidai ƙa'ida, in ya ƙi in tafi asibiti.

Ruwa kuma, ku da kuke Damagaram kun san abin da nake nufi. An ce in riƙa shan lita 2 zuwa 3 a yini, kar in bari ƙishi ya kama ni, don in jiki ya bushe yana sakin wani sinadari mai suna vasopresin wanda ke sa jakunkunan ƙara tara ruwa, kuma ruwan na rage tsakuwa. Ba magani ba ne amma taimako ne. Sai dai a garin da pampo kan yi kwanaki bai zo ba, a watan Afrilu da Mayu zafi ya haura 40, kana jiran ɗan ga-ruwa tun safe, lita 3 na ruwa mai tsabta ba ƙaramin abu ba ne. Na ware bido guda nawa na sha, ina zuwa aji da gora. Wanda ƙodarshi ta riga ta gaza kamar Yaya shi akasin haka ne, ruwan ma auna mishi ake, don haka kar wani ya karanta nan ya je ya ɗura wa mara lafiya ruwa. Maganar azumi ma na kai ta gaban likita da malaminmu, ga mai ƙoda da ta fara rauni akwai sauƙin da Allah ya yi wa mara lafiya a cikin suratul Baƙara, kowa ya tambaya a kan nashi matakin kar ya yi koyi da na wani.

Akwai magani guda da aka tabbatar yana rage saurin girman jakunkunan, tolvaptan, Japan ta amince da shi a 2014, Turai 2015, Amurka 2018. Wancan sinadarin na vasopresin yake tarewa. Ba ya warkarwa, jinkiri yake kawowa, yana sa fitsari mai yawan gaske da ƙishi dare da rana, sai ana duba hanta a kai a kai, ga tsada da ta fi ƙarfin albashin malamin lakwal nesa ba kusa ba. Na faɗe shi ne don ku san ana aiki a kan ciwon, ba an bar shi ba ne.

In ƙoda ta gaza saura wanki ko dashe. A da sai an kwashi mara lafiya zuwa Yamai, kusan kilomita 900, yanzu alhamdulillahi akwai sashen diyaliz a babban asibitin ƙasa na nan Zinder. Ina raka Yaya wani lokaci, awa 4 yana kwance jini na fita ta tiyo ya zaga cikin inji ya dawo, in an gama ya tashi jiri na ɗibarshi sai na riƙe shi zuwa bakin ƙofa. Dashe kuwa ana yi, a Kano ma asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano sun fara tun 2002, kuma abin daɗin shi ne ciwon ba ya komawa cikin sabuwar ƙodar. Amma duk ɗan uwan da zai bayar sai an tabbatar shi ba ya ɗauke da shi. Ni da na so in ba Yaya tawa, ta haka ne ma aka tura ni hoton.

Shi gwajin ba wuya, ba allura ba yanka, minti 15 ne, kuɗinshi bai kai na shadda guda ba. Ga wanda akwai ciwon a gidansu, in yana tsakanin shekara 15 da 39 aka ga jaka 3 ko fiye to shi ne, daga 40 zuwa 59 sai an ga aƙalla 2 a kowace ƙoda. Matashi ɗan 20 da aka ga ƙodarshi fes kar ya ce ya tsira tukuna, ya sake dubawa gaba, amma wanda ya kai 40 ba a ga komi ba to ya kwantar da hankalinshi. Yara ƙanana da ba abin da ke damunsu likita ya ce mini kar in yi gaggawar kai su hoto, in dai riƙa auna musu tansiyo lokaci lokaci, in sun girma su zaɓa da kansu. Babbar ƴata shekararta 9, ranar da aka fara ɗaura mata abin awon a hannu tana ta dariya wai yana matse ta, ni kuwa na kau da kai ina kallon bango.

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci Hajiya da kanta ta taka zuwa ɗakin Inna, abin da ta yi shekara 3 ba ta yi ba. Ban san me suka faɗa wa juna ba don ba a kira mu ba, na dai ga da la'asar Inna ta dama kunu ba kanwa ta zuba a kwanon nan dai, ta ba ni ta ce kai wa yayanka. Ya shanye iya abin da aka yarda ya sha, ya ce a gaishe ta.

Saura mutum 5 a gidanmu da ba a duba ba. Ƙanwata da ke aure a Garin Malam ta ce mijinta ya yarda, ranar Litinin da safe zan je in ɗauke ta. Ƙanena har yanzu ya ƙi, amma ya bari na auna mishi tansiyo jiya a zaure, 15 da 9 ta nuna, wato ta hau, shekararshi 31.